'Yar Delu

Laraba, 19 ga Mayu, 1999, bayan la'asar

Yau 'yar Delu ta zo gidan nan. Haka nake ce mata, haka kuma zan riƙa rubutawa, don ko a takardar da ba mai karantawa sai ni, hannuna ba ya yarda da sunanta. 'Yar fari ce. Ni na haife ta, ranar da aka yaye ta kuma Yaya Delu, yayar Malam maigidana, ta goya ta sai unguwar Kambarawa, can ta girma. Yanzu shekararta goma sha biyar. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba, kuma ba wanda ya ce ba ta son shi. Haka na tashi na gani. Malamar firamare ce ni, na san duniya juyawa take yi, amma wannan abu boko bai taɓa shi ba.

Ta shigo da lalle har wuyan hannu, ja wur, irin na biki. Ta durƙusa ta ce, "Malama, ina wuni?" Malama take ce mini, kamar 'yan ajina, Delu ce Innarta. Na amsa ina tankaɗe, ban ɗago ba. Ta wuce wajen ƙannenta, ina jin tana ba su labari wai ran Lahadi za su Maraɗi rakiyar amarya, da wata Hajiya Ladi da ke haya a layinsu. Wai har an ɗinka musu anko shuɗi, ita da 'yan matan layin. Yara sai shafa hannunta suke yi kamar yau suka fara ganin lalle.

Da za ta tafi sai ta dawo ta tsaya bakin madafa. Ta daɗe a tsaye, inuwarta nake gani kan faifai. Ta ce, "Malama." Na ce, "Na'am." Ta yi shiru. Can ta ce, "Inna ta ce in gaya maki za mu biki." Na ce, "To. A gaida mutanen gidan." Me zan ce kuma? Masu ita sun san da tafiyar. Na sa ƙanwarta Jamila ta ƙulle mata ƙuli-ƙuli ta bi ta da shi.

Ta yi tsawo, har ta fi ni. Ta wutsiyar ido na gani.

Lahadi, 23 ga Mayu, da hantsi

Yau kasuwar Jibiya. Sun tafi, in ji yara. Hadari ya haɗo ya watse.

Alhamis, 27 ga Mayu, bayan azahar

Ranar yara. Mun kwashi 'yan makaranta zuwa filin fareti, aka shanya mu a rana kamar barkono, manya ba su iso ba sai da yara biyu suka faɗi. Hedimasta yana ta hura usur, shi a dole kwamanda. Na dawo da ciwon kai da ƙafa a kumbure.

Talata aka ce za su dawo. To, biki ya gaji haka, ana cewa gobe sai a kai jibi, balle bikin mutanen Maraɗi da ba su san a yi a tashi ba. Na aiki Jamila Kambarawa aron rariya, alhali rariyata biyu a rataye. Ta dawo da rariya kawai. Ban tambaye ta komai ba, ita ma uwar wayon ba ta ce komai ba.

Asabar, 29 ga Mayu, bayan magariba

Soja sun miƙa mulki. Tun safe Malam ya liƙa rediyo a kunne, ko tuwo bai ci kirki ba. 'Yan kabu-kabu sun cika Ƙofar Marusa da oda, sun ɗaura ganye a babura, har wani ya faɗa kwata da fasinjansa mutane na tafi. Malam ya ce, "Rakiya, yau kowa ya samu bakin magana a ƙasar nan." Na ce Allah ya sa alheri ne.

Saura kaɗan in tambaye shi, maganar har ta zo maƙogwaro. Amma shi ma 'yar fari ce gare shi, kuma yayarsa ya ba, ba ya da ta cewa. Na lura dai duk sallamar da aka yi a zaure sai ya rage rediyon ya kasa kunne. Muka zauna, shi da rediyonsa, ni da tsintar shinkafata. Ban tambaya ba.

Litinin, 31 ga Mayu, da la'asar

Indo ce ta faɗo mana gida, maƙwabciyar Yaya Delu, mayafi a hannu, takalmi wari guda. Autarta Dije na cikin 'yan matan da suka tafi. Ta ce mai gidan hayar ya gaji ya ɓalle kwaɗon ɗakin Hajiya Ladi, ba komai ciki sai tabarma da bokiti da ƙwaryar lalle ta bushe. An bi layin gida-gida, ba wanda ya san amaryar, ba wanda ya san angon, ba ma wanda ya san garin su Ladin. Kowa ya ɗauka wani ne ya sani.

Ta zube a tsakar gidana tana birgima tana kiran "Dije! Dijena!" har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ni na ɗebo mata ruwa. Ni na riƙe ta ina cewa ta yi haƙuri, Allah ba ya barci. Allah ya yafe mini, hassadarta na ji. Ita tana da damar yin ihu.

Talata, 1 ga Yuni, da safe

Na ƙona ɗumame. Na tafi makaranta da ɗankwali a bai-bai.

Laraba, 2 ga Yuni, bayan la'asar

Na je Kambarawa yi wa Yaya Delu jaje. In sake rubutawa don in gani da idona: na je yi wa Delu jajen ɓatan 'yarta.

Ɗakin cike da mata. Na durƙusa na ce, "Yaya, ya muka ji da wannan abu? Allah shi bayyana ta." Ta ce, "Amin, Rakiya, na gode da zuwa." Idonta ya kumbura kamar an sa mata barkono, tana riƙe da hijabin Islamiyyar yarinyar, ta ƙi saki. Na koma bakin ƙofa na zauna inda baƙi ke zama. Ina ji wata tsohuwa tana raɗa wa ta kusa da ita, "Kin ga uwar kau? Ko gezau. Rakiya akwai kawaici, ɗiyar gidan mutunci ce." Yabo ne fa. Na sunkuyar da kai na karɓa.

A kan akwatin Delu akwai sabuwar atamfa turmi guda, ko warware ta ba a yi ba. Delu da ke saida ƙosai a ƙofar gida, rabonta da sabon zane tun sallar bara. Na gani na kau da kai. Ba zan rubuta abin da raina ya raya mini ba.

Ina son in shaƙe ta. Ina kuma son in faɗa jikinta mu yi kukan tare. Na yi sallama na fito ban yi ko ɗaya ba.

Juma'a, 4 ga Yuni, bayan an sauko masallaci

Tanko ya zo. Ƙanena ne, yana jan motar haya fijo tsakanin Katsina da Maraɗi, bakinsa ba ya hutawa ko yana cin abinci. Yau kam sai da na ja shi. Na ce masa wai ni, ta yaya za a wuce da 'ya'yan mutane wata ƙasa ba wanda ya ce kanzil?

Ya ce, "Yaya, wace ƙasa? Iyaka a takarda take. Akwai gidan da ɗakin kwana ke Najeriya rumbu na Nijar. Mu da su aure muke, kasuwa guda muke ci. Ran Lahadi mutum dubu nawa ke wucewa? Wanda bai son titi ya bi ta gona, wa za ya tsare mashi?"

Na ce ai yara ne mata, ba uba ba wa.

Ya ce, "To ai shi ya sa aka yi masu lalle. Wa ke tsaida motar biki? Mata na guɗa, yara na waƙa, kowa da anko, a miƙa goro da alawa ta taga, sai dai a ce Allah shi ba da zaman lafiya. Ni kaina sau nawa na ɗauki 'yan biki, ban taɓa tambayar..." Nan ya tsaya. Ya ajiye cokalin, ya daɗe yana kallon kwanon.

Na ce daga Maraɗi sai ina? Ya ce sai Agadas, daga nan sai hamada. Wasu bara ake sa su, wasu aikatau a gidajen Larabawa, wasu kuma, ya ce, "abin da ba ni iya hwaɗa maki, Yaya." Na ce ya tashi ya tafi, kansa na warin fetur. Ba warin da yake yi.

Litinin, 7 ga Yuni, bayan azahar

An kai ƙara ofishin 'yan sanda. Malam da Yaya Delu ne masu ƙara, ni 'yar rakiya, ina riƙe wa Delu jaka. Ma'aikacin mutumin kirki ne, har benci ya sa aka kawo mana. Ya ce wa ce uwar yarinya? Delu ta ce ita ce. Ya ce ta kwatanta ta.

Ta kwatanta. Wushirya gare ta, wannan na sani. Tabon ƙunar kunu a damtsen hagu, ban sani ba. Ba ta cin kuɓewa. Ba ta iya barci sai da zane a ka. In ta tsorata maganarta kan sarƙe, sai ta kira sunan mutum ta yi shiru, ta sake kira, kafin ta iya faɗin abin da ke ranta. Wannan ma ban sani ba. Ni abin da na sani yarinya ce mai haƙora huɗu da ke cizona in tana shan nono.

Mutumin ya ce ikonsu a kan iyaka ya ƙare, abin da ya tsallaka sai dai su rubuta wa na can, na can kuma su duba. Ya ce a yi ta addu'a. Muka yi godiya muka fito. A hanya Malam ya saya mana ruwan sanyi, na riƙe nawa har ya huce.

Ta kira sunan mutum ta yi shiru.

Laraba, 9 ga Yuni, da hantsi

Ba labari.

Alhamis, 10 ga Yuni, bayan magariba

Na kai wa Yaya Delu tuwo, na same ta ita kaɗai, masu jaje sun fara gajiya. Ban yi niyya ba wallahi. Idona ne ya sake faɗawa kan akwatin, sai na ji bakina yana cewa, "Yaya, atamfar can ta wa ce?"

Ta dube ni ta dubi atamfar. Ba ta yi musu ba. Ta ce Ladi ce ta kawo mata, kyauta. Ta ce Ladi ta ce in an gama biki yarinyar za ta ɗan zauna mata a shago can Maraɗi, ta koyi ciniki, ta tara na kayan ɗaki. "Ni mi gare ni da zan yi mata, Rakiya? Kaskon ƙosai? Na ga Hajiya ce, da haƙorin Makka, ga salla kan lokaci."

Na faɗa mata maganganu. Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa ɗaga mata murya ba, yau na ɗaga. Na ce amana aka ba ta, ba akuya ba. Ta bar ni har na gama, sannan ta ce a hankali, ba da faɗa ba, da ma da faɗa ta faɗa:

"Ɗiyar ba ta son tahiyar. Kwana ta yi tana kuka. Shi ne na ce ta je ta gaya maki, in kin ce a'a an hwasa, don ke kin yi karatu, kin hi ni sanin duniya. Ta dawo ta ce Malama ta ce to."

A ƙasa na dawo tun daga Kambarawa har Ƙofar Marusa. Masu babur na ta tsayawa ina wuce su. Kwanon tuwon ma can na baro shi.

Juma'a, 11 ga Yuni, da safe

To. A gaida mutanen gidan.

Asabar, 12 ga Yuni, da la'asar

An yi ruwa mai yawa, gari ya yi sanyi, kowa ya ɗauki iri ya nufi gona. Jamila ta fasa mini kofi na zage ta tas, zagin da ya fi ƙarfin kofi. Ta tsaya tana kallona, sai na jawo ta na hau yi mata kitson da ba ta roƙa ba, ina ja tana kuka. Ita dai ina da ikon kiran sunanta, na kuwa kira shi yau har ya gundure ta.

Malam ya shigo ya ce, "An yi shuka." Na ce, "An yi." Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ɗauki buta.

An ce Delu ta faɗi a bakin rijiya, jininta ya hau, tana kwance. Ban je ba. Gobe.

Talata, 15 ga Yuni, bayan la'asar

Dije ta dawo. Wani direban albasa ya tsince ta a bakin hanya wajen Jibiya ya kawo ta har ƙofar gida. Zazzaɓi ya kama ta da ƙuraje, suka ji tsoron ta shafa wa sauran, suka sa ta a mota suka sauke ta a daji. Ciwo ya yi mata rana.

Na je barka. Indo sai guɗa take tana kuka, ta rungume ni ta ce, "Saura taku, Malama, saura taku." Yarinyar ta rame kamar kara, lallen ya goge saura a farce. Mata sun kewaye ta kowa da tambayarsa, uwayen sauran 'yan matan har suna ture juna. Ni na zauna na sha ruwan da aka ba ni. Sai da ta zaga bayan gida wanke fuska na bi ta, kamar ɓarauniya. Na ce, "Sauran fa?"

Yarinyar tana da hankali, ta gane wa nake nufi. Ta ce, "Lahiyarta lau sadda na baro, Malama. Ita ke ba ni ruwa." Ta ce a Maraɗi suke, wani gida mai koren ƙyaure bayan tashar manyan motoci, ba a barin su ko leƙe. Ana ƙaro wasu 'yan matan daga ƙauyuka, an ce in sun cika mota za a wuce da su arewa. Ladi ba ta nan, wata mata ce ke tsaron su da wasu maza biyu.

Na ce tana cin abinci? Ta ce kaɗan. Ta ce, "Kullum cewa take Inna za ta zo ta ɗauke ta."

Inna. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fito.

Alhamis, 17 ga Yuni, bayan magariba

Jiya Malam ya fita tun asuba bai ce ga inda za shi ba, sai yau ya dawo, ƙafa duk taɓo. Bai ce mini Maraɗi ya je ba. Sai dai ya zauna yana ba Tanko labari a zaure, da ƙarfi, yadda zan ji daga ciki. Wai koren ƙyaure ya fi goma a bayan tashar, kuma duk wanda ya buga sai a ce masa gidan matan aure ne, ba a shiga. Namiji ne, baƙo, iyakarsa zaure. Ya wuni yana zagaye kamar mai neman haya. Ya ce aikin na mace ne, ga Yaya Delu ko zama ba ta iya yi.

Ya faɗa, ya maimaita. Na ji tun a na farko.

Juma'a, 18 ga Yuni, da la'asar

Malam ya tsaya bakin ɗaki yana duban bango ya ce, "Tanko za ya shiga Maraɗi gobe. Ya ce akwai wuri a gaba." Na ce ina ma da gaisuwar mutuwa a can. Ya ce, "To, a yi masu gaisuwa." Ba wanda ya mutu, mu duka mun sani. Shekara goma sha bakwai da aure, wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi a kan yarinyar.

Lahadi, 20 ga Yuni, da hantsi

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Iyakar da nake ta jin tsoro ashe igiya ce da ganga biyu. Tanko ya ɗaga hannu, aka saki igiyar. Ba wanda ya tambaye ni ko wa ce ni, ko me zan je yi. Geron da aka shuka a wannan gefe shi aka shuka a wancan, tsawonsu ɗaya. Na yi ta jiran in ji mun shiga wata ƙasa har muka isa Maraɗi ban ji ba.

Na shiga gida huɗu ina sallama ina ƙaryar neman wata 'yar'uwa. A na biyar wata tsohuwa mai fura a ƙofar gida ta dube ni ta ce, "Ɗiyan nan kike biɗa? Sun hita da hantsi, tasha sunka nuhwa." Na tura ƙyauren duk da haka. Tabarmi a shimfiɗe, takalmin roba wari guda, murhu da sauran ɗumi. Da mun fito da wuri. Da Tanko bai tsaya cika mota ba. Da, da, da.

Tashar kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Manyan motoci jere, an yi musu lodin buhuna har sama, jarkokin ruwa rataye a gefe, mutane zaune can bisa kayan kamar tsuntsaye. Kowa ya naɗe fuska saboda rana, ido kawai ake gani. Wasu motocin sun tada inji. Ba anko, ba shuɗi, duk an sake musu kaya. Na yi ta ɗaga kai har wuyana ya ƙage, ban san ma me nake nema ba, ni da ban taɓa kallon fuskarta sosai ba.

Tanko ya ce, "Yaya, kira ta. Muryar namiji ba su amsawa, an tsorata su. Kira ta!"

Na buɗe baki, wallahi ba abin da ya fito. Na sake buɗewa sai na ji na ce, "'Yar Delu." A hankali ma. Tanko ya kama kafaɗata ya girgiza, yaron da na goya, ya ce, "Sunanta, Yaya! Don Allah sunanta!"

Na kira. Halimatus Sa'adiyya. Ban san muryata na da wannan ƙarfin ba. Na kira na sake kira, ina gudu tsakanin motoci, mayafina ya faɗi ban tsaya ba. Halimatu. Sa'adiyya. 'Yan kamasho suka bar abin da suke yi, wani na dariya, wani na cewa a riƙe ta, taɓin hankali ne. Mace da furfurarta tana ihu a tasha ba mayafi. Ban ji kunyar kowa ba, ko ɗigo. Abin da na ɗauka dutse ne shekara da shekaru, ashe bai kai nauyin faifai ba.

Wata mota tana fita daga ƙofar tasha, da mata a bisa ta baya. Ɗaya a cikinsu ta juyo, doguwa, fuska a naɗe. Ta dubi wajen da nake. Ta dubi na hagu da ni, ta dubi na dama, kamar mai neman wanda ya yi kiran. Idonta ya bi ta kaina ya wuce. Sannan ta juya. Motar ta hau titi.

Ban sani ba ko ita ce. Halimatu ba ɗaya ba ce a duniya. Tanko ya ce ba ita ba ce, sai kuma ya ce ƙila. Mun bi titin da fijo har muka fita bayan gari, hanya ta rabu, motocin duk kamarsu ɗaya. Mun gaya wa jandarmomi, 'yan sandan can, sun saurare mu, sun ce za su aika gaba. Muka juyo. A kan iyaka aka sake sakar mana igiya.

Lahadi, bayan la'asar

Na je Kambarawa. Yaya Delu na kwance, gefen bakinta ya ɗan karkace. Atamfar ba ta kan akwati, ban tambayi inda take ba. Na zauna a bakin gadon, ba bakin ƙofa ba, na gaya mata komai ban rage ba.

Ta ce, "Kin kira ta?"

Na ce na kira.

"Da sunanta?"

Na ce da sunanta.

Ta riƙe hannuna, ta daɗe tana kallon rufi, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Ta ce, "Ta juyo?" Na ce wata ta juyo. Sai ta yunƙura tana neman tashi, na danne ta tana ture ni. Ta ce, "Ki ce ma Tanko gobe ya zo ya ɗauke ni. Ko Agadas ne ya kai ni. Ba laihinki ba ne, Rakiya, ba ta taɓa jin sunanta a bakinki ba, ina za ta gane? Ni ta san muryata."

Ba gori take mini ba. Gaskiya ta faɗa, kuma a kan gaskiyar za ta hau mota da rabin jiki. Na dawo gida na soya mata gyaɗa, na daka mata dakuwa ta guzuri, na haɗa da bargona don an ce hamada akwai sanyi.

Litinin, 21 ga Yuni, bayan azahar

Tanko ya tafi da ita tun da sassafe, Malam ne ya cicciɓe ta ya sa a mota.

Ni na tafi makaranta. Na tsaya gaban aji na kira sunan yara ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya amsa mini.